Haƙƙin Wanda Bai Halarci Ciniki Ba

  Mas'alar da za mu duba a wannan mako ta kasuwa ce, kuma ba kasafai a kan ji ta a bakin masu wa'azi ba, alhali kuwa ta taɓa tuwon kowa.

Ga ta. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, aka daidaita, aka sallama. Kayan halal ne, mudu ya cika, babu algus, kuɗi sun shiga hannu. To, shin da wannan an sallami kowa da kowa ke nan? Ko kuwa akwai wani na uku wanda bai zo kasuwar ba, bai taya ba, bai sallama ba, amma daga jikinsa za a cire wani kashi na kuɗin kayan?

Wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara ran Talata, watau ranar da garin ya samo sunansa daga gare ta, zai ga mutanen Dakko da Rini da 'Yarkofoji daga ƙasar Bakura, da kuma na ƙasar Maradun, kowa da abin da ya kawo shi. Zai ga buhunan gawayi a jere, da ɗaurin itace, da masu sayar da fetur a kwalba da galan, da shagunan janareto da injin ban-ruwa, da kantuna masu firji waɗanda rurin injinsu ba ya yankewa tun hantsi har dare. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da Shari'a ta haramta asalinsa. Amma dukkansu makomarsu guda ce, ita ce hayaƙi.

Masana sha'anin yanayi sun daɗe da tabbatar da cewa duk abin da aka ƙona, itace ne ko gawayi ko fetur ko man dizal, yana fitar da wata iska da a ke kira kabon, wadda ido ba ya ganinta, hanci kuma ba ya jin warinta. Baƙin hayaƙin da mu ke gani ya kan washe cikin 'yan kwanaki, amma ita wannan iska taruwa ta ke yi a sama, wani kashi nata ya kan yi ɗaruruwan shekaru bai gushe ba, kuma aikinta shi ne riƙe zafin rana kada ya koma inda ya fito, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya kimanin kashi 280 ne kabon. Yau ya haura 420. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta ma'auni. Itace kuwa, muddin yana tsaye, zuƙe wannan iska ya ke yi ya adana a jikinsa, saboda haka wanda ya sare shi ya ƙona, wani bai tsiro a gurbinsa ba, ya yi ɓarna biyu a sara ɗaya.

Manomin Dakko ba ya bukatar ma'auni kafin ya san damina ta rikice. Ta kan yi jinkirin sauka, ko ta sauka a yi shuka sa'an nan ta ɗauke, daga baya kuma ruwan wata guda ya zubo a dare ɗaya ya rushe gidajen ƙasa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka har sau uku tun daga 1982. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, ta Maiduguri kuma cikin Satumbar 2024 har yanzu ba ta fita daga zukatan jama'a ba.

Na san akwai mai cewa ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi, shi ke riƙe shi, kuma an yi fari tun kafin a ƙera mota. Kakanni sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyaye sun ga farin 1973 da na 1984. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi shakkar cewa Allah ne mai saukar da ruwa ya kauce hanya. Sai dai Allah da ya halicci ruwa shi ya halicci sababi, kuma a aya ta 41 ta Suratur Rum shi da kansa ya danganta ɓarnar da ke bayyana a doron ƙasa ga aikin hannun mutane. Jama'ar wannan yanki ma ba su bukatar a kawo musu misali daga nesa. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka fara ginawa a 1974 aka gama a 1978, tana nan a bayan ɗakinsu. Kafin a yi ta, kogin Sakkwato ya kan cika ya batse kowace damina, ya shayar da fadamun da ke ƙasa, a noma shinkafa, a kama kifi, a yi lambu da rani. Da aka datse shi sai cikar ta ragu, fadamu da yawa suka daina samun ruwa, amfanin gona ya faɗi. Ruwan sama bai daina sauka da izinin Allah ba, amma babu malamin da ya ce saɓo ne a faɗi cewa hannun ɗan Adam ne ya hana shi isa gonar talaka. Waɗancan manoma na ƙasa ba su halarci zaman da aka ƙulla kwangila da kamfanin Impresit na Italiya ba. Waɗanda aka karɓe wa gonaki kuwa, da suka tashi neman diyya, an san abin da ya auku a Birnin Tudu cikin Afrilun 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wuta aka yi hasarar rayuka masu yawa. Madatsar tana da amfani, babu musu, domin dubban iyalai na ci daga shinkafar Bakolori har gobe. Abin lura shi ne an yi lissafin siminti da riba, aka manta da sa mutumin da ke can ƙasa a cikin lissafi. Hayaƙin kasuwa ma haka ya ke, illa dai shi kogin da ya ke bi iska ce, mutanen ƙasa kuwa su ne jama'ar duniya duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Maganar hayaƙi ba baƙuwa ba ce a wurin malaman fiƙihu. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, shi ne kuma na 32 a cikin Arba'una ta Imamu Nawawi wadda yaranmu ke haddacewa a makarantun Islamiyya. A cikin Muhtasar, Shaihu Halilu ya kawo cewa a kan hana mutum aikin da hayaƙinsa zai cuci maƙwabci, ya buga misali da gidan wankan ruwan zafi, haka nan kuma wari irin na majema. A lura da kyau: mutumin nan a cikin mallakarsa ya ke, sana'arsa kuma halal ce, amma duk da haka alƙali na da ikon tsayar da shi. Ashe halaccin sana'a shi kaɗai bai isa hujja ba idan cutarta ta tsallake katanga.

Sai dai akwai bambanci tsakanin hayaƙin da Shaihu Halilu ya yi magana a kai da namu na yau, kuma a nan ne wuyar mas'alar ta ke. A can ana ganin hayaƙin, an san maƙwabcin, yana iya zuwa gaban alƙali ya nuna bangon ɗakinsa da ya yi baƙi. Waɗansu malaman farko sun ƙiyasta maƙwabtaka da gida arba'in ta kowace fuska. Iskar kabon ba ta tsayawa a gida na arba'in. Wadda ta tashi daga masana'antar Jamus tana iya taɓa daminar Maradun, wadda ta tashi daga janareton Mafara kuma ta haɗu da sauran ta taɓa masuncin wani tsibiri da ba mu taɓa jin sunansa ba. Babu mai ƙara, babu shaida, babu wanda zai ce kai Wane ne ka cuce ni. Amma rashin mai ƙara ba ya kayar da haƙƙi. Malamai ma na cewa cin dukiyar baitulmali ya fi cin ta mutum ɗaya haɗari, domin masu ita sun yi yawan da ba ka iya bin su ka nemi yafewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga mana misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda rabonsu don su ɗebi ruwa, ya nuna cewa in aka bar su kowa zai nutse. Mai hudar nan bai taɓa kujerar kowa ba, a gurbinsa ya ke aiki.

Mai kanti zai ce: ni sayarwa kawai na yi, wanda ya saya shi ya kunna wuta. Lalle fiƙihu ya rarrabe tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma mafi yawan lokuta nauyi a kan na farkon ya ke. Amma mazhabarmu ta Malikiyya ta fi kowace tsanantawa wajen toshe ƙofar ɓarna. Malamanta sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, da sayar da makami ga wanda aka san fashi zai yi, alhali inabi da takobi halal ne. Mutanen Zamfara sun ga wannan ƙa'ida da idonsu a 2021, sa'ad da gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako, don a yanke wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. An sha wuya ƙwarai, kuma ana iya jayayya a kan ko matakin ya yi amfani, amma ba a ji wanda ya ce mai gidan mai ba shi da ruwa da inda mansa ya nufa ba.

Abin da ke ɗora nauyi a wuyan mai sayarwa shi ne sani. A 2010 aka gano cewa yara fiye da 400 sun mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. Iyayen da suka kawo dutsen nan tsakar gida neman halal su ke yi, ba su san ƙurar na kisa ba, kuma muna kyautata zaton Allah ba zai kama su da abin da ba su sani ba. Amma wanda ya ci gaba da niƙa a gaban yara bayan likitoci sun yi bayani, hukuncinsa daban ne. Ɗan kasuwan 1975 da ya cika lori da itace bai san komai game da ɗumamar yanayi ba. Na yau yana jin bayani a rediyo da Hausa, yana kuma ganin dajin da ya sani yana yaro ya zama fili.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya gefen, domin wanda ya tsaya a nan ya yi rabin adalci. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita mutum ya ɗauki igiya ya yo itace a bayansa ya sayar a kan ya roƙi mutane. Sana'ar da Manzon Allah ya yaba, wa ya isa ya aibata ta? Sa'an nan tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin komai ya tashi, gas ɗin girki da kananzir suka fi ƙarfin mafi yawan gidaje, har waɗanda suka bar gawayi suka koma masa. Matar da ke da 'ya'ya shida a Dakko, wadda wataƙila rashin tsaro ya hana mijinta zuwa gonarsa ta nesa, ba za a ce mata kada ta hura wuta ba. Haka nan kuma nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa daga mai da kwal. Ɗan Nijeriya ɗaya kimanin rabin tan ya ke fitarwa a shekara, na Amurka kuwa wajen tan 14. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ƙasashen da suka yi arziki da ƙona kwal da mai shekara ɗari biyu su ne da babban bashi, kuma tunatar da su alkawuran da suka ɗauka a Faris a 2015 neman haƙƙi ne, ba bara ba ce.

To, ina mafita? A ganina mafita tana cikin ƙa'idar da addini ya ginu a kai, watau Allah ba ya ɗora wa rai sai gwargwadon ikonsa. Nauyin nan hawa-hawa ne. Tsohon da ya tsinto busassun ƙirare ya ɗora a jaki ba shi da laifin komai, lada ma ya ke samu. Mai tireda da ke sayar da gawayi ƙulli-ƙulli a leda nauyinsa kaɗan ne. Amma attajirin da ke ba da kuɗi a shiga daji da injin yanka, a kayar da ɗanyen marke da kirya da kaɗanya, a turara, a cika tirela a kai birni, wannan shi ne mai gidan wankan da Shaihu Halilu ya ambata, har ya zarce shi. A irin turarar gargajiya sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Kuma zaluncin Bature a kanmu ba ya halatta mana zaluntar junanmu, domin kafin kabon ɗin dajin Maradun ya taɓa kowa a duniya, iskar hunturu ta riga ta kwashe ƙasar gonar mutumin Maradun, matarsa ta rasa kalwa da man kaɗe, makiyayi ya rasa inda zai kai dabba, ya faɗa gonar wani, a ja daga.

Manyan kantunan ƙasashen Turai da Amurka sun riga mu shiga wannan lissafi, kuma akwai abin koyi da abin gudu a wurinsu. Su kan kasa hayaƙin kanti gida uku: wanda kanti ya ƙona da kansa a motocinsa da injinansa, da na wutar lantarkin da ya saya, da kuma na kayan da ya ke sayarwa, tun daga gona ko masana'anta har zuwa gidan mai saye. Da suka auna sai suka tarar kashi na ukun nan shi ne kusan duka, sau da yawa ya kan haura 90 cikin 100. Watau sun gano da alƙalami abin da malamanmu suka faɗa a kan mai inabi: babban nauyin ɗan kasuwa yana cikin abin da ya zaɓa ya saro da wanda ya saro daga gare shi. A 2017 kamfanin Walmart na Amurka ya nemi masu kawo masa kaya su rage tan biliyan 1 kafin 2030, a farkon 2024 kuma ya ba da sanarwar an cika, bisa ga lissafin da su masu kawo kayan suka bayar da kansu. Amma a ƙarshen wannan shekara ɗin sai ya amsa cewa da wuya ya cika alkawarin rage nasa hayaƙin na cikin gida a wa'adin da ya ɗiba. Kamfanin Tesco na Ingila ya yi alkawari a 2007 zai rubuta nauyin kabon a jikin kowane kaya da ya ke sayarwa, ya yi wa 'yan ɗaruruwa, sa'an nan ya watsar a 2012, ya ce aikin ya yi yawa kuma sauran kantuna ba su bi sahu ba. Musulmi ya san hukuncin alkawarin da aka yi shela da shi a bainar jama'a aka janye a asirce, ya kuma san cewa yabon kaya da sifar da ba su da ita algus ne, daidai da jiƙaƙƙen hatsin da Annabi ya sa hannu ya tono a kasuwar Madina.

Akwai wata dabara da waɗannan kamfanoni ke yi wadda ya kamata malamai su dube ta da idon basira, domin ta fara isowa ƙasashenmu. Kamfani zai ci gaba da ƙona mansa kamar yadda ya saba, sai ya biya waɗansu a wata ƙasa mai nisa su dasa itatuwa ko su tsare wani daji, sa'an nan ya rubuta a littafinsa cewa ya goge laifinsa. Dasa itace alheri ne babba, hadisi ya inganta cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Amma sharuɗɗan tuba sanannu ne: a daina, a yi nadama, a ƙudura ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Wanda ya riƙe na ƙarshe ya bar na farko, ya yi kama da mai satar akuya kowace Talata yana sadakar ƙafa ɗaya ran Juma'a. In an rage abin da za a iya ragewa, sa'an nan aka dasa don cike abin da ya gagara, wannan gyara ne. In kuwa an dasa ne don a sami lasin ci gaba, to ba na ganin ya kuɓuta. Kada kuma mu yi wa Bature dariya, domin muna da irin namu: attajirin da ya share dajin ƙauye uku, ya dawo ya gina musu masallaci da rufin kwano, jama'a na salla a ciki gumi na zuba saboda babu sauran inuwa a harabar.

Me ya rage ga mai kanti na tsaka-tsaki, irin wanda ke bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ko cikin garin Bakura? Na farko shi ne janaretonsa. Lita 1 ta fetur in ta ƙone tana ba da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, nauyin ya kan fi na man ne saboda ya haɗu da iskar da wuta ta sha. In muka ƙaddara kanti na shan lita 5 a yini, a shekara ya fitar da fiye da tan 4, watau rabon 'yan Nijeriya bakwai ko takwas. Wanda Allah ya hore wa kuɗin sa sola ya ƙi, alhali ita ce ma ta fi masa sauƙi in an daɗe, to ya haɗa almubazzaranci da cutar maƙwabci, domin ban da kabon akwai ƙara da warin da ke shiga shagon na kusa da shi. Wanda bai da hali kuwa babu laifi a kansa, sai dai ya kashe inji sa'ad da ba a bukata.

Amma mafi girma daga wannan shi ne abin da ya jera a kanta. Mutumin ƙauye ba ya sayen abin da bai gani ba. In babu murhu mai tsimin itace a kasuwar Mafara, matar Dakko za ta ci gaba da girki a kan duwatsu uku, mafi yawan zafin na tafiya a banza, hayaƙin na shiga ƙirjinta da na goyonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 kowace shekara, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa. Ɗan kasuwan da ya saro irin wannan murhu, ko fitilar sola ta gaskiya, ko injin ban-ruwa mai aiki da rana, ya kuma yarda ya bayar bashi a biya shi bayan kaka, ya ci riba ya kuma sami lada. Na ce ta gaskiya ne da gangan. Kasuwanninmu sun cika da faranti da batir na jabu, a rubuta ƙarfin da babu shi a jiki, talaka ya sayar da tunkiya ya saya, wata uku ya mutu, ya rantse ba shi ba sola har abada. Mai sayar da wannan ya tauye mudu, ya kuma toshe wa jama'a ƙofar alheri.

Game da gawayi da itace, ba sai mun aro doka daga waje ba. Sayyidina Abubakar ya hori rundunar da ya tura Sham kada su sare itace mai 'ya'ya, a halin yaƙi ke nan, balle a halin neman riba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, har da hurumin da a ke keɓe wa jama'a. Al'adarmu ma ta san cewa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka suna da masu su ko da a tsakiyar daji su ke. Maƙwabtanmu na Maraɗi kuma sun nuna cewa sayar da itace da raya itace na iya tafiya tare. Tun daga wajen 1984 manoma can suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, su zaɓi mai ƙarfi su sassabe sauran, har aka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Yau rassan da su ke sassabewa su ne itacen girkinsu, har su kai rara kasuwa, gawo na tsaye a gona yana ba ta taki. Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin nan na kafa shingen itatuwa don tare hamada ya shafa, amma dashen gwamnati ba zai taɓa cim ma gatari ba muddin kasuwa na karɓar duk abin da aka kawo mata ba tambaya.

Saboda haka tambayar ita ce aikin. A zamanin Daular Usmaniyya akwai muhtasibi a Sakkwato mai duba ma'auni da kayan kasuwa, yau kuma Zamfara na da Hukumar Hisba, kowace kasuwa na da sarkinta, kowace sana'a na da shugabanninta. Dillalin shanu ba ya karɓar saniya sai ya san mai ita, domin ya san in ta sata ce shi za a kama. Dillalin gawayi ma, wanda ya ƙware, yana gane gawayin kirya daga na kaɗanya ta nauyi da ƙara. Abin da na ke gani shi ne, wajibi ne a kan mai sarin buhu ɗari ya tambayi wane itace ne, ɗanye ne ko busasshe, a dajin wa aka sare, kuma da izinin wa. In ya tabbata masa cewa itace mai 'ya'ya ne, ko daga hurumin jama'a ko gandun daji aka sato, to sayensa bai halatta gare shi ba, ko da kuwa ya fi araha, kuma ko da na kusa da shi zai saya. Mai ƙulli a leda ba a ɗora masa wannan bincike, domin ba shi da iko a kan mai kawowa. Amma manyan 'yan sarin Mafara ba su da yawan da zaure ɗaya ba zai ɗauke su ba, kuma in suka haɗa baki a gaban sarkin kasuwa suka ƙi karɓar gawayin kaɗanya da ɗorawa kaka biyu a jere, mai turara zai daina kayar da su, tun da ba zai turara abin da ba shi da mai saye ba.